Lemon kwalba ne ya cinye ƙashin Hajiyarmu?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 41, 'ya'yana huɗu. Kwanakin baya santsi ya kwashe mahaifiyarmu, mai shekara 68, a wurin alwala, ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. Faɗuwar ba wata ta a zo a gani ba ce, jikokinta suna yin wadda ta fi ta su tashi suna dariya. Da likita ya duba hoton, sai ya ce ƙashinta ya yi rauni sosai. Hajiya tana son baƙin lemo, musamman in ta ci abinci mai maiƙo. Ni ma a shagona nakan sha roba biyu a wuni saboda zafi. 'Yata ta fari kuwa, mai shekara 13, kuɗin tararta a lemo yake ƙarewa, kuma ba ta shan madara, wai tana sa mata ƙugin ciki da gudawa. Sai ga wani bidiyo a WhatsApp, an jefa haƙori cikin lemo an bar shi kwanaki, ya yi baƙi ya zaizaye. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Yayarmu kuma ta ce haihuwa goma da Hajiya ta yi ce ta tsotse ta. Don Allah lemon ne? Ko in sayo ƙwayar kalsiyam a kemis duk gidan mu riƙa sha? Madarar gwangwani ta yi tsadar da ba zan iya ba yara kullum ba.

Wata uwa daga Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ce, ku kuma Ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da ita.

Ki fara cire bidiyon nan daga ranki. Gaskiya ne akwai tsami a cikin baƙin lemo, kuma in aka jiƙa haƙori a ciki kwana da kwanaki zai ci shi. Amma ƙashin da ke jikin mutum ba a cikin lemo yake jiƙe ba. Abin da kika sha ciki yake zuwa, ruwan tsamin da ciki ke fitarwa don narkar da abinci kuwa ya fi na lemon ƙarfi. Daga nan ya wuce hanji a kashe masa kaifi, jini kuma ƙoda da huhu suna tsare da ma'auninsa dare da rana. Inda bidiyon yake da gaskiya shi ne haƙori, domin shi kaɗai lemon ke taɓawa kai tsaye. Mai kurɓar lemo kaɗan-kaɗan tun daga hantsi har la'asar, kamar yadda masu zaman shago ke yi, haƙoransa wuni suke cikin tsami da sukari, fatar haƙori kuwa in ta zaizaye ba ta dawowa.

To me ya karya hannun Hajiya? Shekaru, da abin da ta tara ko ba ta tara ba tun tana budurwa. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jikin mutum a ƙashi da haƙori yake. Ragowar ɗan kaɗan ɗin yana yawo a jini, kuma da shi zuciya ke bugawa, tsoka ke motsi, jini ke daskarewa in an yanke. Jiki ba ya yarda wannan ɗan kaɗan ɗin ya ragu ko yaya. In bai samu a abinci ba, sai ya je ya ɗebo daga ƙashi. Ki ɗauki ƙashi a matsayin rumbu: ana zuba masa tun ƙuruciya, ya kusa cika kafin shekara 20, ya gama cika wajen shekara 30, daga nan kuma ɗiba ta fara rinjayar zubi. Shi ya sa gwajin jini zai iya nuna kalsiyam ɗin Hajiya daidai yake, alhali ƙashin ya rarake. Kada wani ya nuna muku takardar gwajin jini ya ce ai lafiyarta ƙalau.

Mace kuma tana da nata ƙarin nauyin. Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin istirojin da ke kare ƙashi yana faɗuwa, sai zaizayar ta yi sauri. A shekaru biyar na farko mace kan iya rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙashinta ba tare da ta ji ciwon komai ba. Ciwon gwiwa da tsofaffinmu ke kuka da shi, wanda muke cewa sanyin ƙashi, yawanci ciwon gaɓa ne, daban yake. Zaizayar ƙashi shiru take yi har sai ranar da aka karye, kuma wurarenta uku ne sanannu: wuyan hannu, ƙugu da ƙashin baya. Ƙididdigar da ake yawan kawowa a duniya ita ce mace ɗaya cikin uku da ta haura shekara 50 za ta gamu da irin wannan karaya, namiji kuma ɗaya cikin biyar. Akwai gado ma a ciki, don haka ke da 'yarki kuna da dalilin kula fiye da wasu.

Maganar yayarku tana da ɗan tushe, amma ba ta kai inda ta kai ta ba. Mai shayarwa ƙashinta yana ɗan raguwa, domin daga nan ake ɗibar wani ɓangare na kalsiyam ɗin nono. Bayan yaye kuma, cikin wata shida zuwa shekara, yawancinsa yana komawa. An bi wannan sosai a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, inda Ann Prentice da abokan aikinta suka daɗe suna auna ƙashin mata masu haihuwa da yawa, masu doguwar shayarwa, waɗanda abincinsu bai da kalsiyam sosai, aka ga ƙashin yana farfaɗowa bayan yaye. Don haka kada a ɗora wa haihuwa laifin duka.

Yanzu lemon kansa. Ba zan wanke shi tas ba. A shekarar 2006 Katherine Tucker ta Jami'ar Tufts a Amurka da abokan aikinta suka fitar da sakamakon awon ƙashin mutum sama da 2,500 a cikin wani dogon bincike da ake bin lafiyar mutanen garin Framingham na Amurka. Matan da ke shan baƙin lemo kullum, ƙashin ƙugunsu ya gaza na waɗanda ba sa sha ko sau ɗaya a wata da kusan kashi 4 cikin 100. Ba a ga haka a maza ba, kuma ba a gan shi a sauran lemuka masu gas da ba baƙi ba. Ashe gas ɗin da mutane ke tsoro ba shi ne matsalar ba. Abubuwa biyu ake zargi a baƙin lemo: fosforik asid da ke ba shi ɗan kaifin nan, da kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da kofi da shayi. Sai dai fosforas, sinadarin da ake zargi a cikin wannan asid ɗin, wanda ke cikin gwangwanin lemo guda bai kai wanda ke cikin kofin madara ba. Kafeyin kuwa, Robert Heaney da Karen Rafferty na Jami'ar Creighton a Amurka sun gwada shi a 2001: suka ba mata lemuka iri-iri suna auna kalsiyam ɗin da ke fita a fitsarinsu. Masu kafeyin ne kaɗai suka ƙara fitar da shi, kuma ɗan kaɗan ne. Abin da suka tsaya a kai shi ne babbar illar lemo ga ƙashi ita ce gurbin da yake cinyewa. Cikin da ya cika da lemo ba ya neman madara, kuɗin da ya tafi a lemo ba ya sayen nono.

Ni ma a nan na tsaya. Lemon da Hajiya ke sha bayan abinci ba shi ya kai ta nan ba, ko da ya ba da tasa gudummawar. Amma roba biyu a wuni da kike sha ta yi yawa, kuma ba don ƙashi kawai ba. Irin waɗannan lemuka sukan ɗauki kusan giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Robar rabin lita ke nan tana da wajen giram 50, sama da ƙaramin cokali goma sha biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya wannan adadin ne ta ce kada babban mutum ya wuce a wuni guda, in da hali ma ya tsaya a rabinsa. Ke kina ninka shi kafin ki sa sukari a shayi. A shekara 41, kina zaune a shago wuni guda, ciwon sukari ya fi karaya kusa da ke. Lemon malt da ake ɗauka abin ƙara jini ne shi ma sukarin ne a ciki, kada ki gudu daga wannan ki faɗa wancan.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba lemon ba ne. Kin ba ni labarin abin da kuke sha, ba ki ce komai a kan abin da kuke ci ba, alhali a ƙasar nan matsalar a kwano take. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, likita Tom Thacher da abokan aikinsa sun yi bincike a kan yara 123 masu lanƙwasar ƙafa, irin masu ƙafar baka da gwame, aka buga sakamakon a 1999. A ƙasashen sanyi rashin rana ne ke kawo wannan ciwo, saboda da hasken rana fata ke haɗa bitamin D. Yaran Jos kuwa ba su rasa rana ba. Kalsiyam suka rasa: abin da suke samu a abinci wajen miligiram 200 ne kawai a wuni. Waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa. Daga baya masu binciken suka gwada garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙayarsa, shi ma ya yi aiki. Yaran nan ba lemo ne ya lanƙwasa musu ƙafa ba, tuwon masara ne safe da dare babu abin da zai raka shi.

Ki gwada miligiram 200 ɗin nan da abin da ake so. Ma'aunin da hukumomin lafiya na Amurka ke amfani da shi ya ce yaro mai shekara 9 zuwa 18 yana buƙatar miligiram 1,300 a wuni, babba 1,000, mace da ta haura 50 kuma 1,200. Wasu ƙasashen, kamar Ingila, nasu ma'aunin bai kai haka ba, don haka kada lissafin ya firgita ki. Abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ake so da abin da yawancin gidajenmu ke samu. Shinkafa, masara, taliya, burodi da doya, waɗanda su ne cikon cikinmu, kalsiyam ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. Nama ma haka, ko da za ki ci tsire har ki gaji. Romon ƙashi da ake dafa wa mai karaya kuwa yana da daɗi kuma yana da amfaninsa, amma kalsiyam ɗin da ke fita daga ƙashi ya shiga romo ɗan mitsitsi ne. A ba Hajiya ta sha don marmari, kada a ɗauka an yi magani.

Inda abin yake shi ne a miyar da 'yan zamani suka raina. Garin kuka yana cikin abinci mafi kalsiyam a ƙasar Hausa: giram 100 kan ɗauki sama da miligiram 1,000, wasu gwaje-gwajen ma sun samu kusan 2,000. Ba mai cin giram 100 a zama ɗaya, amma in kika kaɗa miya mai kauri, rabon mutum ɗaya zai iya ba shi miligiram 100 zuwa 200. Ki daka busasshen ƙaramin kifi har da kai da ƙaya, ko kirafish, ki zuba a ciki tare da daddawa, kin ƙara wani kason mai tsoka. Mu kuma mukan zauna mu tsince ƙayar tas mu zubar, alhali a nan kalsiyam ɗin yake. Ki daka ta ta yi laushi, ki tankaɗe saboda maƙogwaron yara. Kifin gwangwani irin sadin, wanda ƙayarsa ke murmushewa a baki, shi ma giram 100 yana da sama da miligiram 300. Busasshen zogale yana kusa da kuka, don haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ko dambunsa ba abincin talauci ba ne. Ɗanwake ma da kukarsa. Sai kuɓewa, wake, waken suya da riɗi, kowanne da nasa daidai gwargwado. Tamba, wadda ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna, giram 100 tana da wajen miligiram 340, kusan ninki goma na gero, kuma kununta yana shiga wa tsofaffi. Alayyafo yana da kalsiyam a takarda, amma akwai wani sinadari a cikinsa da ke riƙe shi ya hana hanji tsotsa, don haka kada ki dogara da shi kaɗai. Hatsi da wake ma suna da irin wannan mai riƙewa, kuma jiƙawa da barin gasara ta yi tsami, kamar yadda iyayenmu ke yi, yana rage shi.

Duk da haka madara ta fi sauƙin lissafi. Kofi guda yana da kusan miligiram 300, kuma jiki yana tsotsar wajen kashi 30 cikin 100 na abin da ke ciki. Ba sai ta gwangwani ba. Nono da kindirmo duk abu ɗaya suke bayarwa, kuma cire man shanu ba ya rage kalsiyam, ruwan da ake tsinkawa da shi ne ke ragewa. Ki nemi mai nonon da kika yarda da tsaftarta, wadda kika san tana tafasa madarar kafin ta kwantar da ita, domin ɗanyar madarar shanu tana iya ɗauko tarin fuka da wani zazzaɓi mai naci da ake ɗauka daga dabbobi. Cukun da ake kawowa daga Nijar shi ma madara ce a dunƙule. In madarar gari za ki saya a awo, ki tabbatar madara ce, domin akwai farin garin da ake yi don shayi kawai, wanda yawancinsa mai ne da sitaci, yana da farin madara amma ba shi da amfaninta. Ki karanta jikin buhun ko ledar. Ɗan farin da mai shayi ke ɗigawa a kofi kuma ba ya cikin lissafi, sai an kai babban cokali uku na garin madara kafin a ce an sha kofi guda.

Bari in daɗe a kan 'yarki, domin a cikin ku ukun ita ce lokacinta ke ƙurewa. Binciken da aka bi yara da shi shekara da shekaru a Kanada ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙashin da mutum zai rayu da shi yana taruwa ne a shekaru biyun da ya fi saurin girma, ga 'ya mace kuwa wajen shekara 12 zuwa 13 ne. Tana tsakiyar wannan lokacin yanzu. Abin da ta samu daga nan zuwa shekara 20 shi za ta ci gaba da ɗiba har tsufanta.

Ƙugin cikin da take faɗa ba shagwaɓa ba ce. A madara akwai wani sukari, laktos, da yawancin mutanen duniya ke rage iya narkar da shi bayan yaye. Fulani makiyaya da yawa suna riƙe wannan baiwar har girma, amma a sauran ƙabilun Afirka ta Yamma waɗanda suka rasa ta sun fi yawa. Irin waɗannan in suka sha madara da yawa cikinsu ba komai, sai kumburi da iska da gudawa. Wannan ba ya nufin an raba ta da madara har abada. Kindirmo da yogot sun fi sauƙi, saboda ƙwayoyin da suka tsamar da su sun riga sun cinye wani ɓangare na sukarin, kuma suna taimakawa a narkar da sauran. Ki fara mata da rabin kofi, tare da abinci, a dama da fura ko a zuba a kunu, ki ga yadda cikin zai karɓa, sannan ki ƙara a hankali. Za ki iya kwantar da naki a gida: ki dama madarar gari da ruwan da aka tafasa ya huce ya zama ɗumi, ki zuba cokali biyu na kindirmo mai kyau, ki rufe ki ajiye a wuri mai ɗumi ya kwana. Da safe kin samu na gidan duka. In kuwa madara tana sa mata ƙuraje, ko kumburin leɓe da fuska, ko sarƙewar numfashi, wannan wani abu ne daban, a daina ba ta a kai ta asibiti.

Faɗa ba zai raba ta da lemo ba, musamman in tana ganinki da roba a hannu. Ki fara da kanki, ki koma roba ɗaya, daga nan sai ranar biki ko suna. Ki daina ajiye shi a firjin gida. Ki tabbatar ta karya kumallo kafin ta fita, domin yarinyar da ta tafi makaranta da yunwa duk abin da ke bakin get shi za ta saya. In kina iya ɗura mata fura da nono mai sanyi a gora, ki rage kuɗin tarar da kwatankwacin kuɗin lemon. Zoɓo da kunun aya na gida ba su da wani kalsiyam mai yawa, amma ke ce mai zuba sukarin, kuma sun fi. Abin da zan ce ki hana ta kai tsaye shi ne lemukan ƙara kuzari da samari da 'yan mata suka ɗauka yanzu, domin kafeyin ɗinsu ya fi na baƙin lemo nesa ba kusa ba.

Sai wani abu da ba a sayarwa. Ƙashi yana ƙara ƙarfi ne in ana ɗora masa nauyi: gudu, tsalle, tafiyar ƙasa, hawan bene. Mu kuma da zarar yarinya ta fara ƙirgar dangi sai mu ce ta girma, ta bar tsalle-tsalle, ta zauna ta natsu, sai waya ta ƙarasa sauran. Ki bar ta ta yi tsallen igiya da 'yar gala-gala da ƙannenta a tsakar gida, ba abin kunya ba ne. A can ma za ta samu rana. Gidajenmu na yanzu an rufe tsakar gida da kwano, ana fita a mota ko a daidaita sahu a lulluɓe, sai ki ga mace tana garin da rana ke ƙona mutane amma fatarta ba ta ganinta. Ba tare da bitamin D ba, hanji ba ya tsotsar kalsiyam yadda ya kamata. Zama a inda rana ke sauka a cikin gida, hannuwa da ƙafafu a buɗe, na minti 20 zuwa 30 sau da dama a mako, yana taimakawa. Ranar da ta ratso ta gilashin taga ba ta wannan aikin. Ƙwai da kifi mai maiƙo su ma suna ƙara bitamin D. Ki kuma sassauta hannu a gishiri da dunƙule, domin yawan gishiri yana fitar da kalsiyam ta fitsari.

Hajiya kuwa ta wuce maganar abinci kaɗai. Wanda ya karye daga faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, haɗarin ya sake karyewa ya ƙaru, kuma abin tsoro shi ne ƙugu, wanda ke kwantar da tsoho kwanciyar da wasu ba sa tashi. In an cire filasta, ko mai ɗori ya kwance karansa, aiki bai ƙare ba. Ku koma wurin likita ku tambaye shi kai tsaye ko tana buƙatar maganin zaizayar ƙashi. Akwai na'urar awon ƙarfin ƙashi a wasu manyan asibitoci, amma ko babu ita likita yana iya yanke hukunci daga shekarunta da irin karayar. Akwai magunguna irin alendronate da ake sha sau ɗaya a mako, da sassafe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, kuma ba a kwanciya sai bayan rabin awa. Likita ne ke rubuta shi bayan ya duba ƙodarta da cikinta, ba a kemis ake yanke wannan ba.

Ranar da za ku je, ku tattara duk magungunan da ke ɗakinta a leda ku tafi da su, har da ƙulle-ƙullen da ake haɗa mata na ciwon ƙafa da na gargajiya. Dalilina shi ne dexamethasone da prednisolone. Ana yawan cusa su a haɗin ciwon jiki saboda suna kwantar da ciwo nan take, kuma suna cikin abin da 'yan mata ke sha don ƙiba, wanda ake ce wa sha ka fashe. Shan su wata da watanni yana rarake ƙashi fiye da duk lemon da ke Kano. In kun tarar tana sha, kada ku tsayar mata rana ɗaya, yin haka yana da haɗari, likita ne zai janye shi a hankali. Ku kuma lura ko ta rage tsawo, ko bayanta ya fara duƙawa, ko tana kukan ciwon baya da ya zo farat ɗaya, ku gaya masa.

Sannan ku gyara inda ta faɗi. Tayil mai santsi da ruwan alwala da silifas ɗin da ƙasansa ya cinye su ne suka haɗu suka kayar da ita. A shimfiɗa abin taka ƙafa na roba mai kama ƙasa, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a sa mata kujera mai ɗan tsayi ta riƙa alwala a zaune, a ajiye mata fitila kusa da gado saboda fitar asuba. A duba idonta ko akwai yana. Kada kuma tsoron faɗuwa ya sa ku hana ta motsi, ku ce Hajiya zauna a kawo miki. Zama yana ƙara kashe ƙafa, ta riƙa zagaya gida, ta ci abinci mai gina jiki, wake da ƙwai da kifi da nono, domin tsoka ce ke riƙe tsoho a tsaye.

Ƙwayar kalsiyam ta duk gida kuwa, a'a. Yara masu cin abin da na lissafa ba sa buƙatarta, ke ma haka. Hajiya mai yiwuwa likita ya rubuta mata, haɗe da bitamin D. In ya rubuta, irin wadda aka fi samu, kalsiyam kabonet, da abinci ake shanta, kuma jiki ya fi tsotsar ta in ba ta wuce miligiram 500 a lokaci guda ba, don haka raba ta ake yi safe da yamma. Tana iya sa taurin bayan gida, yawanta kuma yana iya jawo tsakuwar ƙoda. Ba a haɗa ta lokaci guda da ƙwayar ƙarin jini, ko magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin ciprofloxacin da tetracycline, ko maganin maƙoƙo, ko alendronate ɗin kansa, sai an ba da tazarar awanni. Mai juna biyu ce kaɗai zan ware: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba masu ciki kalsiyam a wuraren da abinci ba shi da shi sosai, don rage haɗarin hawan jinin ciki da jijjiga, kuma a wurin awo ake tsara wannan. Farar ƙasar da wasu masu ciki ke ci da sunan tana ƙara ƙarfin ƙashi ba ta cikin wannan shawara, an sha samun gubar dalma a cikinta.